Martani: Linan Bai Buɗe Hanyar Butana Ba, Tarar da Ita Ya Yi

Ina roƙon fili in mayar da martani ga maƙalar da ta fito kwanakin baya a kan Bafaranshen nan Linant de Bellefonds, wanda mutanen Masar da na Sudan suka fi sani da Linan Basha. Na fara karanta ta a nan Gadarif, a rumfar wani abokina mai awon riɗi, na sake bin ta daki-daki da dare a gida. Malam marubuci ya yi ƙoƙari, don ba kowa ke waiwayar tarihin wannan yanki namu na gabas ya rubuta shi da Hausa ba, kuma a kan haka ina yi masa godiya. Sai dai akwai maganganun da ba zan iya barin su su wuce ba. Ya kira Linan babban hafsan sojan ruwan Faransa. Ya ce shi ya gano Butana, ƙasar makiyaya da ke arewa da mu, ya buɗe hanyoyinta. Ya ce neman ilmi kaɗai ya kawo shi, ba ruwansa da yaƙin kowa. Sannan ya rufe da cewa mutanen ƙasar nan suna zaune a kan tarihi ba su san shi ba, sai da baƙo ya zo ya nuna musu. Wannan ta ƙarshen ita ta tsaya mini a rai, ita ta sa na ɗauki alƙalami.

Maganar muƙami ba ta da wuyar warwarewa. An haifi Linan a 1799 a Loriyan, wani gari na bakin teku a yammacin Faransa, ubansa kuma hafsan jirgin ruwa ne. Yana ɗan shekara goma sha biyar uban ya ɗauke shi aikin auna gaɓar teku a can tsibirin Niyufawunlan, gefen Kanada. A nan ya koyi abin da ya ci abinci da shi har ƙarshen ransa: auna nisa, duban rana da taurari don sanin inda mutum yake, da zana taswira. A 1817 ya shiga jirgin yaƙi mai suna Cléopâtre a matsayin ɗalibin hafsa, jirgin iska ne irin na wancan zamani, ba inji ba tururi. Jirgin ya ɗauko ayarin wani basarake, Forbin, shugaban gidajen tarihin sarkin Faransa, wanda ya fito yawon ganin kufayin Girka da Sham da Masar. Ɗaya daga cikin masu zanen ayarin ya mutu a hanya, aka ga yaron nan hannunsa ya faɗa a zane, aka ba shi aikin. Da suka iso Alƙahira a ƙarshen shekarar, ayari ya koma gida, shi ya zauna. Yana da shekara goma sha takwas ya rabu da aikin teku, bai kuma koma ba. Bai taɓa jan ragamar jirgin yaƙi ba, bai taɓa yin yaƙi a kan ruwa ba.

Da hafsan ruwa na gaskiya Malam yake nema a cikin Faransawan da suka yi wa Muhammadu Ali, Bashan Masar, aiki, ai ga Besson, wanda a 1815 ya yi tayin fitar da Napoliyon a ɓoye cikin jirgi zuwa Amurka, daga baya ya zama ɗaya daga cikin manyan rundunar ruwan Masar. Zamanin ne ya watso su. Bayan faɗuwar Napoliyon an mayar da sarauta a Faransa, aka sallami hafsoshi masu yawa, aka dawo da 'yan gidan sarauta da suka shekara ashirin rabonsu da teku. Ɗayansu shi ya kifa jirgin Méduse a kan rairayi a 1816 a hanyarsa ta zuwa Sanigal, aka ɗora mutum 147 a kan katakon da aka ɗaɗɗaure, bayan kwana 13 aka tsinci 15 da rai. Rundunar da Linan ya shiga ke nan. A daidai lokacin kuma Bashan Masar yana biyan kuɗi mai tsoka ga duk Baturen da ya iya bindiga ko jirgi ko lissafi. Ban faɗi wannan don in rage wa Linan daraja ba. Na faɗa ne don mai karatu ya san wanda ya shigo Sudan a 1821: saurayi ɗan shekara ashirin da ɗaya, gwanin zane da awo, wanda wani attajirin Ingila mai tara kayan tarihi, William Bankes, ya ɗauka aiki ya turo shi ya nemo masa tsohon birnin Marawi na daular Kush.

To, ta wace ƙofa ya shigo?

A nan ne Malam ya yi shiru, shirun kuma ya yi yawa. A 1820 Muhammadu Ali ya turo ɗansa Isma'ila Basha da mayaƙa wajen dubu huɗu su ci Sudan. A Korti, cikin Nuwamban shekarar, suka haɗu da ƙabilar Shaigiyya masu takubba da masu, bindiga ta yi musu kaca-kaca. Aka sa lada a kan kunnuwan mutane, sojoji suka riƙa yanka na matattu da na masu rai ana aikawa Alƙahira. A watan Yunin 1821 Sarki Badi na Sinnar ya miƙa wuya, daular Funj da aka kafa tun 1504 ta zo ƙarshe. Can yamma surukin Basha, Daftardar, ya ci Kurdufan. Abin da aka zo nema ba a ɓoye yake ba: zinari da bayi. Muhammadu Ali da kansa ya rubuta wa kwamandansa cewa duk wahalar nan da kashe kuɗin nan don a samo bayi ne. Aka riƙa kora su zuwa Aswan, inda wani Bafaranshen, Sève, wanda ya musulunta ya zama Sulaimanu Basha, ke horar da sabuwar runduna. Mafi yawan waɗanda aka kora sun mutu, wasu a hanya, wasu a sansanin. A ƙasar Sinnar kuma aka aza haraji: riyal 15 a kan kowane bawa, 10 a kan saniya, 5 a kan tunkiya ko jaki. Wanda ba shi da tsabar kuɗi sai ya biya da mutum.

Ta wannan hanyar da takobi ya share Linan ya bi har Sinnar. Da takardar Basha ya yi tafiya, a inuwar sansanonin sojan Basha ya kwana. Ba shi kaɗai ba ne. Abokin gasarsa Cailliaud, wanda Larabawa ke rubutawa Kayo, yana cikin rundunar Isma'ila dumu-dumu a matsayin masanin duwatsu mai nemo wa Basha zinari a Fazugli, tare da wani ɗalibin hafsan ruwa, Letorzec, wanda ke auna musu taurari yana tsayar da wurare a taswira. Sun kai can kudu yayin da sojoji ke hawa duwatsu suna kamo mutane. Idan Malam yana son ganin amfanin da aka yi da ilmin teku a ƙasar da ba teku, to ga shi nan.

Malam zai iya cewa ƙazafi nake yi wa mamaci. Shi ya sa zan kawo shaidar da ba ni na ƙirƙira ba. Shekarun baya, kafin yaƙin da ya ɓarke a Sudan a 2023, na je Musawwarat tare da wani malamin makaranta da ya iya Faransanci. Daga Shandi muka ɗauki mota, muka bar kwalta muka shiga rairayi da ƙaya, har muka iso wani kwari da duwatsu suka kewaye. Ga ginin nan na jan dutse, farfajiya cikin farfajiya, ga siffar giwa an sassaƙa a ƙarshen bango. Mai gadin wurin, wani dattijo mai farar jallabiya, ya ja mu ta bayan wani ɗaki ya ɗora yatsa a kan rubutun boko da aka kankara a jikin dutse. Sunan Linan ne, da shekarar 1822. Abokina ya durƙusa yana karantawa yana fassara mini. Abin da ke ciki shi ne: Ingila ce ta aiko shi, kuma ya samu isa har daular Sinnar ne albarkacin yaƙe-yaƙen da Isma'ila Basha ya ci. Kusa da shi ga na Kayo, shi kuma yana cewa Faransa ta aiko shi, yana yaba alherin Isma'ila. Na daɗe tsaye ina kallon rubutun nan. Mutumin bai ɓoye wanda ya buɗe masa ƙofa ba, da hannunsa ya sassaƙa a dutse. Shekara ɗari biyu bayan nan sai ga ɗan'uwanmu Bahaushe yana wanke shi daga abin da shi bai wanke kansa ba.

Sunan wurin ma kaɗai ya isa ya rushe maganar cewa mutanen ƙasa ba su san abin da suke zaune a kai ba. Musawwarat da Larabci na nufin wuri mai siffofi, mai zane-zane. Wa ya raɗa masa? Makiyayan Butana ne, waɗanda suka ga zakuna da giwaye a jikin bango tun kafin a haifi kakan Linan. A bakin mutanen Shandi ya ji labarin kufan, 'yan ƙasa ne suka hau raƙumi suka kai shi, su suka san inda rijiya take. A kwarin nan akwai wani ƙaton tafki da mutanen Kush suka haƙa don tara ruwan damina, faɗinsa ya kai mita 250. Hafir ake kiransa. Duk ɗan Gadarif ya san hafir, don har gobe da shi ƙauyukanmu ke shan ruwa da rani, da shi ake shayar da dabba a gonakin dawa. Dabarar da aka yi amfani da ita shekara dubu biyu da suka wuce tana nan a hannun manomi da makiyayi, ba ta yanke ba. Abin da mutanen nan ba su da shi shi ne injin buga littafi a Landan da Paris. Rashin injin buga littafi daban, jahilci daban.

Linan ya bar Sudan a tsakiyar 1822. Kafin shekarar ta ƙare Isma'ila ya sauka Shandi ya nemi dukiya da bayin da suka fi ƙarfin ƙasar, ya kuma mari Mak Nimir, sarkin Ja'aliyyin, da lofen tabarsa a gaban jama'a. Da dare aka tara kara da ciyawa aka kewaye masaukinsa aka cinna wuta. Ramuwar da Daftardar ya yi ta cinye dubban rayuka daga Shandi har Jazira. Mak Nimir ya keto Butana da mutanensa ya gangaro wannan gefen namu, ya zauna a bakin iyakar Habasha wajen kogin Sitit. Wannan tarihin ƙofar gidanmu ne, kuma bai samu ko layi ɗaya a maƙalar Malam ba, alhali an ba da sakin layi guda a kan irin wahalar zazzaɓi da ƙishirwa da baƙon ya sha.

Linan ya dawo Sudan a 1827, wannan karon da kuɗin wata ƙungiyar Ingilawa mai neman sanin cikin Afirka. Ya hau Bahar Abyad, wato Farin Nilu, da jirgin iska har wajen Alais, tsoron ƙabilar Shuluk ya sa ya juyo. Daga nan ya shiga Butana ya kai Mandara da Rera, ƙasar Shukuriyya, arewa da mu. Tafiyar da Malam ya kira buɗe hanya ke nan. Amma Shukuriyya suna kai da komo a kanta da raƙumansu kowace damina da rani. Gidan Abu Sin su ne masu ƙasar, kasuwar da ta zama garin Gadarif ma da sunan Suk Abu Sin aka daɗe ana kiranta. Mutum ya bi sawun raƙumin wani, ya sha a rijiyar wani, ya kwana a tantin wani, sannan a ce shi ya buɗe hanya?

A shekarar nan ta 1827, a ɗaya bakin hanyar, wani hafsan sojan ruwa na Ingila yana kwance yana jinya a Sakkwato. Kilafaton ke nan, wanda mutanenmu suka sani da Abdullahi, kuma a watan Afrilu ya cika a can. A zuwansa na farko, 1824, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya zauna da shi ya yi masa bayanin ƙasashe da koguna, har aka ba shi taswira, ya kai Landan aka buga ta a littafin tafiyarsa. Bellon nan tun 1812 ya rubuta Infaƙul Maisuri a kan tarihin ƙasashen Takrur. A zuwa na biyu kuma an nuna wa Kilafaton a fili cewa ana sane da yadda Ingilawa suka fara shiga Indiya da ɗai-ɗai da bibbiyu har suka mallake ta. Ina so Malam ya dubi wannan da kyau. A lokacin da yake cewa muna barci, sarkinmu na zana wa Bature taswira, yana kuma karanta take-takensa.

Hanyar da ta haɗa Sakkwato da Sinnar kuwa ba a kan takarda kaɗai take ba, ƙafa ce ta taka ta. Tun da daulolin Wadai da Darfur da Sinnar suka kafu a kan Musulunci, alhazan yamma suka riƙa bin ta gabas maimakon keta Sahara. Larabawa suka kira su Takarir. Wani matafiyi ɗan Suwizalan, Burckhardt, ya tarar da su a kasuwar Shandi a 1814, shekara bakwai kafin Linan ya iso, ya kuma yi tafiya da wasunsu har Sawakin. Ya bayyana su da allo da gora da sanda, suna rubutu suna samun guzuri. Galabat, da ke kudu da mu tafiyar kilomita 150 da 'yan kai, Takarir ne suka kafa ta tun ƙarni na 18, suka yi sarautarsu, suka riƙe kasuwar da ke tsakanin Sudan da Habasha. Wani matafiyi Bature, Samuel Baker, ya same su a can a 1862 suna noman auduga, ya yaba ƙwazonsu. Zan faɗi gaskiya a nan, don kada in yi abin da nake zargin wani da shi: mafi yawan Takarir ɗin Galabat mutanen Darfur da Wadai da Barno ne. Kwararowar Hausawa da Fulani mai yawa ta zo ne bayan 1903, da Turawa suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi, ɗansa Muhammadu Bello Maiwurno ya jawo jama'a gabas har suka kafa garin Maiwurno a bakin Bahar Azrak kusa da Sinnar. Amma ba sabuwar hanya suka sara ba. Tsohuwar hanyar alhazai suka bi, wadda malamai da fatake suka san zangonta ɗaya bayan ɗaya. Dokta Umar Naƙar ya yi littafi guda a kan wannan al'ada ta hajjin yamma, an buga shi a Kartum a 1972, kuma ina roƙon Malam ya neme shi.

Kakana ya biyo hanyar. Daga ƙasar Haɗeja ya taso yana saurayi, kuma shekara bakwai ya yi kafin ya ga teku. Ina yaro nakan zauna gefen buzunsa bayan sallar isha'i yana lissafa mini zango da yatsu: Barno, Fallomi, Abashe, Junaina, Fashir, Nuhud, Ubayyid, Kosti, Sinnar. A wani garin ya yi noman damina biyu a gonar wani, a wani ya yi ga-ruwa, a wani ya koyar da yara alif-ba aka biya shi da gero. Ya binne ƙanensa a tsakanin Fashir da Nuhud, ya ce da kansa ya haƙa kabarin da fartanya. Yakan nuna mini tafin ƙafarsa, kaushi ya tsattsage shi kamar laƙar Gadarif da rani. Ya san wace rijiya ke ƙafewa a wane wata, wane tauraro ake sa wa a kafaɗar hagu in ana tafiyar dare. Bai taɓa kankara sunansa a bangon kowa ba. Da ya sauke farali ya dawo ya zauna a nan, ya sari daji ya shuka dawa da riɗi, a ƙasar da mota ke nutsewa har gindi in ruwa ya sauka. Da jirgin ƙasa ya iso Gadarif a 1928, da aka fara noman inji a Gadambaliya a tsakiyar shekarun 1940, hannun irinsu ne ya yi shema ya yanki dawa ya kaɗe riɗi.

Mai karatu na Kano ko Maraɗi zai iya cewa mene ne abin zafi a kan Baturen da ya mutu tun 1883. Zafin yana nan. Dokar zama ɗan ƙasa ta 1948, da wadda ta biyo ta a 1957, sun ce ɗan Sudan shi ne wanda shi ko kakanninsa na wajen uba ke zaune a ƙasar tun 31 ga Disamba 1897. Wannan rana ta zama igiya a wuyan mutanenmu shekara da shekaru. Ni kaina na taɓa tsayawa a wani ofishi neman takarda, ma'aikaci ya dubi sunan kakana ya dube ni, ya ce in kawo shaidar inda aka haifi uban kakana. A garin nan aka yanke cibiyata, a nan aka binne ubana. Na fito na zauna a gindin wata bishiya na rasa abin da zan ce wa ɗana da ya rako ni. A 2008 Hausawan Gadarif sun fito kan titi saboda wata magana da aka jingina wa shugaban ƙasa na lokacin cewa su ba 'yan ƙasa ba ne. A 2022 an zubar da jinin mutanenmu a jihar Bahar Azrak, tushen rigimar kuma shi ne wa ke da ƙasa, wa ke baƙo. Saboda haka duk wanda ya rubuta cewa tarihin hanyoyin nan ya fara ne ranar da Bature ya zana su, ko ya sani ko bai sani ba, ya goge sawun alhazan da suka riga Baturen, ya kuma ƙara wa masu kiranmu baƙi ƙarfin gwiwa. Ban ce Malam ya yi da gangan ba. Na tabbata sha'awar ilmi ce ta ɗebe shi. Amma magana zarar bunu ce.

Ba na cikin masu cewa a ƙone littattafan Turawan nan, kuma ba zan hana Linan haƙƙinsa ba. Hannunsa na zane amintacce ne, abin da ya gani shi yake sawa a takarda. A 1834 wani likitan soja ɗan Italiya, Ferlini, ya zo Marawi ya rushe kawunan dalar sarakunan Kush yana neman zinari, ya kwashe kayan adon Sarauniya Amanishaketo ya sayar a Turai. Zanen da Linan da Kayo suka yi kafin wannan ɓarna na cikin abin da masana ke dubawa yau su san yadda gine-ginen suke. Littafin tafiyar Linan ya kwanta a gidan Bankes a Ingila fiye da shekara ɗari, sai a 1958 hukumar kayan tarihi ta Sudan ta buga shi a Kartum. Yanzu da yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya kai ga wawashe gidan tarihi na ƙasa, darajar kowace tsohuwar takarda ta ƙaru. Akwai kuma labarin da shi da kansa ya bayar, cewa Muhammadu Ali ya so a rushe dalar Giza a yi madatsar ruwa da duwatsunta, shi kuma ya yi lissafi ya nuna wa Basha cewa fasa sabon dutse ya fi araha, aka fasa rushewa. In haka ne, ya yi abin kirki, kuma duniya na cin moriyarsa. A karanta shi, a amfana da shi. Sai dai a karanta shi a matsayin shaida wanda ya zo cikin ayarin mai laifi, ana auna maganarsa, ana tambayar abin da ya gani ya yi shiru a kai.

Sauran rayuwarsa ma Malam ya ba da rabinta ne. Gaskiya ne ya zama babban injiniyan ayyukan Masar, ya samu sarautar Bey a 1837, ya zama ministan ayyuka a 1869, ya zama Basha a 1873. Gaskiya ne ya daɗe yana nazarin haɗa Bahar Rum da Bahar Maliya, kuma da tsarinsa wani Bafaranshe, Dilisefs, ya fara aikin mashigin Suwez. Amma kafin duk wannan, a farkon shekarun 1830, Basha ya tura shi duwatsun Bishariyyin da ke gabashin Sudan neman tsoffin ramukan zinari, wato dai buƙatar da ta kawo Isma'ila ita ta sake kawo shi. Magudanan ruwa da madatsun da ake yaba masa kuwa da aikin tilas aka haƙa su, abin da Misirawa ke kira suhura, irin wanda iyayenmu a Najeriya suka sani da ɗiban gwamna. A mashigin Suwez kaɗai ana kora manoma wajen dubu ashirin kowane wata, suna haƙa da fartanya suna kwasa da kwando, har zuwa 1864 da aka dakatar da tsarin. Malam ya kawo ranar buɗe mashigin a Nuwamban 1869 da sarakunan da suka halarta, bai ambaci mai kwando ko sau ɗaya ba. Gidan Linan bai rabu da Sudan ba har ƙarshe: ɗansa Ernest ya yi aiki a ƙarƙashin wani hafsan Ingila, Gordon, wajen faɗaɗa mulkin Masar a kudu, mutanen Bari suka kashe shi a bakin Nilu a 1875.

Malam ya ce yana so matasanmu su yi koyi da Linan wajen naci da son sani. Niyyar tana da kyau, ni ma ina so ɗana ya iya lissafi da zane da awon ƙasa kamar yadda yaron nan na Loriyan ya iya. Amma in naci ake nema, wanda ya taka daga Haɗeja zuwa Sawakin da ƙafa, ba takardar Basha, ba soja a bayansa, ba attajiri mai biyansa, bai gaza kowa ba. Bambancin shi ne an rubuta ɗaya, ba a rubuta ɗayan ba, kuma wannan laifin yanzu namu ne, mu da muka iya riƙe alƙalami.

Don haka ina roƙon Malam, da girmamawa, ya dawo wa masu karatunsa ya gyara abu biyu: ya janye kalmar ganowa, ya kuma faɗa musu rundunar da Linan ya biyo. In ya samu hali bayan Allah ya kawo mana zaman lafiya, ya zo Gadarif, masaukinsa na wuyana, in kai shi Galabat da Maiwurno ya ji da kunnensa. Ku kuma 'yan'uwana na Gadarif da Kasala da Sinnar da Madani, har da waɗanda gudun hijira ya tara mu a gari ɗaya a 'yan shekarun nan, tsofaffin da suka zo da ƙafa saura ƙalilan, 'ya'yansu da suka ji daga bakinsu ma sun fara tafiya. Kowa ya ɗauki wayarsa ko littafinsa ya je ya durƙusa gaban na gidansu, ya tambaye shi garin da aka taso, da shekarar, da zangon da aka yi ɗaya bayan ɗaya, da sunan wanda aka binne a hanya. A rubuta da Hausa, da boko ko da ajami, a aiko wa wannan fili.